Daga T. rex zuwa dodon Goronyo: abin da ƙasusuwan dainoso ke faɗi

Yaron da ya saba karɓar wayar babansa yana kallon katun, ko a Mabera yake ko a Runjin Sambo, da wuya a ce bai san T. rex ba. Hotonsa na nan a jikin jakar makaranta da rigunan yara a Babbar Kasuwa: ƙaton kai, haƙora zaƙo-zaƙo, 'yan hannuwa guntaye. In yaron gwani ne sai ya ƙara maka da mai ƙaho uku da mai dogon wuya. Waɗannan su ne suka yi suna cikin dainoso, wato wani dangin dabbobi da manyansu suka shuɗe tun kafin ɗan Adam, kuma kusan dukkansu a yammacin Amurka aka tono ƙasusuwansu. Ba don can kaɗai suka rayu ba. Can ne dai aka fara samun masu kuɗi da gidajen tarihi suna rige-rigen tono. Daga wajen 1877 wasu masana biyu da ba sa ga-maciji, Othniel Marsh da Edward Cope, suka dinga tura ma'aikata daji suna cika taragun jirgin ƙasa da ƙashi, kowa na son ya riga ɗan'uwansa raɗa suna. Stegosaurus da Triceratops da Brontosaurus duk Marsh ne ya raɗa musu suna a cikin wannan gasa. Shaharar dainoso ta bi inda kuɗin tono yake, ba inda dabbar ta fi ban mamaki ba.

Babu ɗan Adam da ya taɓa ganin waɗannan dabbobi da rai. To ta ina aka san wannan nama yake ci, wancan ganye? Je ka Kara ka miƙa wa tsohon mahauci ƙashi ɗaya, zai gaya maka na akuya ne ko na tunkiya, ƙarama ce ko ta manyanta, har ya nuna maka inda ta taɓa karyewa ta ɗoru. Aikin masana ke nan, sai dai su nasu ƙashin ya riga ya zama dutse, kuma dabbar da za su gwada shi da ita sai sun nemo ta cikin tsuntsaye da kadoji. Duk siffar da ka gani a hoton dainoso, in na gaskiya ce, daga wani ƙashi aka karanto ta. In ba a karanto ta daga ƙashi ba, to hasashen mai zane ne.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kwankwaso. Ƙadangare da kada ƙafafunsu a gefe suke fitowa, shi ya sa suke tafiya ciki kusa da ƙasa suna lanƙwasa jiki. Dainoso kuwa ƙafafunsa a miƙe suke ƙarƙashin gangar jiki irin na jimina, kuma gurbin da kan ƙashin cinya ke shiga a kwankwaso ɓulalle ne. Wannan tsayuwa ce ta ba shi damar ɗaukar nauyi mai yawa da yin tafiya mai nisa. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara ware su a matsayin dangi guda a 1842, daga ƙasusuwan dabbobi uku kacal. Da wannan ma'auni, dabbobin nan masu fiffiken fata da ake zanawa suna shawagi a sama ba dainoso ba ne, maƙwabta ne. Haka ma dodannin cikin teku. A riƙe wannan, domin zai yi amfani idan muka iso Goronyo.

Sai zancen lokaci, wanda nan ne zane-zanen yara suka fi ɓata lissafi. Dainoso na farko sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, manyansu kuma suka ƙare shekara miliyan 66 baya. Stegosaurus ya rayu wajen shekara miliyan 150 da suka wuce, T. rex kuwa tsakanin miliyan 68 zuwa 66. Wato tazarar da ke tsakanin su biyun ta fi wadda ke tsakanin T. rex da mu. Hoton da ya haɗa su suna kokawa ƙarya ce tsagwaronta. Shekarun kuma ba da ka ake faɗinsu ba. Tokar dutse mai aman wuta na ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini masu yuraniyam a ciki, shi kuma yuraniyam yana rikiɗewa ya koma dalma a kan wani ƙa'idajjen sauri da aka auna. In an sami shimfiɗar toka a ƙarƙashin ƙashi da wata a samansa, an kama shekarunsa a tsakiya. Hotunan nan na ƙwarangwal ɗin ƙaton mutum da ke yawo a WhatsApp ana cewa na Adawa ne, su kam haɗin kwamfuta ne, ba su da alaƙa da wannan aiki.

T. rex ya cancanci sunan da ya yi, ba na ja. Barnum Brown ne ya tono shi a jihar Montana a 1902, Henry Osborn ya raɗa masa suna a 1905. Wani T. rex da ake kira Sue, da aka gano a Dakota ta Kudu a 1990, tsawonsa ya ɗara mita 12, nauyinsa an ƙiyasta tan 8 zuwa 9. Amma sirrinsa a baki yake. Yawancin dainoso masu cin nama haƙoransu sirara ne masu kaifi, na yanka. Na T. rex kauri gare su, wasu har santimita 30 idan aka haɗa da saiwa, na huda ƙashi da farfasa shi. An sami kashinsa da ya zama dutse a Kanada cike da gutsattsarin ƙashin wata dabba, shaida ke nan cewa har ƙashi yake haɗiyewa. Idanunsa duka biyu gaba suke kallo, abin da ke ba dabba damar auna nisan abin da take hari, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwarsa mai kula da sansano babba ne ƙwarai.

An daɗe ana musu a kan mafarauci ne ko mai bin mushe. Masu cewa mushe yake bi suka kafa hujja da ƙarfin hancinsa da guntayen hannuwansa da kuma nauyin da ba zai bar shi ya yi gudu sosai ba. Sai aka tono ƙashin wutsiyar wani dainoso mai cin ganye da haƙorin T. rex kafe a ciki, ƙashin kuma ya warke ya rufe haƙorin. Mushe ba ya warkewa. An cije shi da ransa ya tsere. A ganina musun tun farko bai da tushe, don ko zaki ba ya ƙin mushe in ya samu, kura kuma tana farauta. Ƙashinsa na da zobe-zobe irin na kututturen itace da ake ƙirga shekaru da su: Sue ya mutu yana da shekara talatin ko kusa da haka, kuma a shekarun tasowa T. rex kan ƙara kusan kilo 2 kowace rana. Hannuwan kuwa, tsawonsu kamar mita ɗaya da yatsu biyu, har yau kowa da nasa ra'ayin a kan amfaninsu. Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne kai ya karɓe aikin kamu gaba ɗaya, kuma dabbar da ke tsaye bisa ƙafa biyu ba za ta iya ɗaukar ƙaton kai da manyan hannuwa a gaba ba tare da ta kifa ba.

Abokin zamaninsa Triceratops yana da ƙahoni biyu a saman ido da suka kai mita guda, da ƙarami a hanci, da faffaɗan ƙashi da ya rufe wuya. Ƙoƙon kansa kaɗai kan wuce mita 2. Kowa zai ce na kare kai ne daga T. rex, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai raunukan da aka gani a kawunansu da yawa sun dace da ƙahon ɗan'uwansu, alamar suna karo a junansu kan mace ko wurin kiwo. Stegosaurus shi ma haka. Tsinin nan huɗu na wutsiyarsa makami ne na gaske, don an sami ƙashin Allosaurus, wani dainoso mai cin nama, da huda daidai da girman tsinin. Faya-fayan bayansa kuwa sun yi siranta da yawa a ce garkuwa ne, sun fi kama da abin nuna isa, ko kuma na rage zafin jiki.

Wanda fina-finan Amurka suka fi yi wa ƙarya shi ne Velociraptor. Na gaskiyar, da aka gano a hamadar Gobi ta Mongoliya a 1923, bai fi babban talo-talo ba, kilo 15 ko kusa da haka, tsawonsa mita 2 ne amma kusan rabi wutsiya ce. Yana da ƙaton farce lanƙwasasshe a kowace ƙafa. A 1971 aka tono ɗaya a rungume da wani ƙaramin dainoso mai cin ganye, farcen a wajen wuyan abokin faɗan, shi kuma abokin faɗan ya cije masa hannu, rairayi ya binne su a haka. A 2007 aka lura da wasu 'yan tudu a jere a ƙashin hannunsa, irin waɗanda gashin fiffike ke kafuwa a kai a jikin ungulu. Wato gashin tsuntsu gare shi.

Nan ne ilimin ya juya gaba ɗaya. Tun 1861 aka sami Archaeopteryx a Jamus, mai gashin tsuntsu amma da haƙora da doguwar wutsiya mai ƙashi. Daga 1996 kuma lardin Liaoning na Sin ya dinga fitar da dainoso masu gashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙashi mai rami a ciki, ƙashin ƙirji mai reshe biyu da muke gani in an ci kaza, yatsu uku a gaba, kwanci a kan ƙwai, duk an same su a jikin dainoso masu cin nama. Matsayar masana yau ita ce tsuntsaye reshe ne na dainoso da bai ƙare ba. Zabon da ke kiwo a bayan gari ya fi kusanci da T. rex fiye da yadda kada ko damo suka kusance shi.

Masu dogon wuya su ne dabbobi mafi girma da suka taɓa taka doron ƙasa. Argentinosaurus na ƙasar Ajantina ya wuce mita 30, nauyinsa an ƙiyasta wajen tan 70, fiye da toron giwa goma. Abin tambaya shi ne yaya aka yi hakan ya yiwu, ga shi giwa ta tsaya inda ta tsaya. Amsar farko: ba sa tauna. Tsinkar ganye suke su haɗiye, ciki ya yi sauran aikin. Wanda ba ya tauna ba ya bukatar manyan turame da ƙaton muƙamuƙi, sai kai ya zama ƙarami, ƙaramin kai kuma shi ake iya ɗorawa a kan dogon wuya. Dogon wuya na sa dabba ta tsaya wuri ɗaya ta share fili mai faɗi ba tare da ta ɓata ƙarfi wajen ɗaga ƙafa ba. Ƙasusuwan wuyan cike suke da ramukan iska irin na tsuntsu, ga sauƙin nauyi ga numfashi mai inganci. Raƙumin dawa gaɓoɓin wuyansa 7 ne kamar namu, wani dainoso na Sin kuwa nasa sun kai 18 ko 19. Sannan ƙwai suke yi da yawa, ba ɗa guda ba bayan ciki na kusan shekara biyu irin na giwa, don haka in fari ya karkashe su sukan farfaɗo da wuri.

Cikin masu dogon wuya, wanda ya fi tsayi a gidan tarihi, mai kusan mita 13 a birnin Balin, ɗan Afirka ne. Jamusawa suka kwashe shi daga Tendaguru a Tanzaniya tsakanin 1909 da 1913, lokacin suna mulkin mallaka a can.

Ba sai mun je Tanzaniya ba. Ka fita ta Illela ka ratsa Ƙonni da Tawa ka nufi Agadas, kana cikin ɗaya daga wurare mafi arzikin ƙasusuwan dainoso a duniya. A yankin Ingal, inda makiyaya ke taruwa shan gishiri kowace shekara, tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta tono Afrovenator mai cin nama, da Jobaria mai dogon wuya, wanda aka samu kusan dukkan ƙasusuwansa. Abzinawan wurin sun daɗe da sanin ƙasusuwan, suna danganta su da wata halitta ta tatsuniya, Jobar. Can gabas a Gadufawa cikin hamadar Tenere, wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya gano Ouranosaurus a 1965, mai cin ganye da ke da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Ƙwarangwal ɗinsa na gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Nigersaurus shi ne gwanina a cikinsu. Dangin masu dogon wuya ne amma nasa wuyan gajere, tsawon jikinsa mita 9. Bakinsa ya fi sauran kansa faɗi, a miƙe yake ta gaba, haƙoran duk sun jeru a baki-baki. Sun haura 500 idan aka haɗa da na ajiya da ke layi a bayan kowane haƙori, kuma kowane haƙori kimanin kwana 14 yake yi a sauya shi. Dalili a fili yake: a ƙasa yake kiwo, yana kwasar tsiro haɗe da rairayi, rairayi kuma na cinye haƙori. Daga wannan bakin kaɗai za ka gane cewa Tenere, inda yau ko tsinke babu, fadama ce mai koguna shekara miliyan 110 da suka wuce. Maƙwabtansa sun tabbatar da haka. Akwai Suchomimus, mai tsawon mita 11 da dogon baki siriri na kamun kifi. Akwai Sarcosuchus, dangin kada da kansa kaɗai ya ɗara mita ɗaya da rabi.

Babban ɗan'uwan Suchomimus shi ne Spinosaurus, wanda ya ɗara T. rex tsawo, wajen mita 14, da ƙasusuwan baya masu tsayin mutum. Labarinsa na da ban tausayi. An tono shi a Bahariya ta Masar a 1912, Ernst Stromer ya bayyana shi a 1915, sai bama-baman yaƙin duniya na biyu suka ragargaza gidan tarihin Munik a Afrilun 1944, ƙasusuwan suka tafi. Shekaru da dama zane da hoto kawai aka dogara da su. Sai da wani masani, Nizar Ibrahim, ya bi sawun wani mai tonon ƙashi a Maroko har ya kai shi ramin da ya haƙo wasu sababbi, aka ga gajerun ƙafafun baya a 2014, aka ga faffaɗar wutsiya a 2020. Shin iyo yake yana bin kifi, ko tsayuwa yake a bakin ruwa yana sura irin ta zalɓe? Masana sun rabu biyu, kuma kowane sabon ƙashi sai ya sauya zanen.

To ina Sakkwato a cikin wannan? Ƙarƙashin ruwa. A ƙarshen zamanin dainoso wani teku marar zurfi ya kwararo daga arewa ya ratsa inda Sahara take yau, ya rufe yankinmu. Shi ya sa duwatsun nan suka shahara da dabbobin ruwa. Masu ilimin duwatsu sun raɗa wa shimfiɗun ƙasar sunayen garuruwanmu, daga ƙasa zuwa sama: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje, musamman wajen Gilbadi da Goronyo, ake samun ƙasusuwa. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihin Landan ya bayyana wasu da aka kai masa daga lardin Sakkwato. Daga baya tawagar masana daga Italiya ta samo ƙoƙon kai, aka ga dabbar ta bambanta da 'yan'uwanta, a 1972 aka ba ta sunan Goronyosaurus. Doguwar dabba ce mai ƙafafu irin filafilin iyo, da siririn baki mai haƙoran da ke sarƙewa da juna irin na kada. In muka koma ma'aunin kwankwaso, ba dainoso ba ce. Danginta na kusa su ne guza da damo da maciji. A wannan shimfiɗar dai aka sami Sokotosuchus, wani kadan teku da aka bayyana a 1975, da kunkurun ruwa da haƙoran kifin shak.

Abin da ya ba duwatsun Sakkwato daraja shi ne sun ƙetara lokacin babbar halaka. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a gaɓar Yukatan ta Meziko, ya bar rami mai faɗin kilomita 180. Luis Alvarez da ɗansa Walter suka fara kawo hujjar a 1980, daga wani ƙarfe, iridiyam, da ya yi ƙaranci a doron ƙasa amma ya yi yawa a siririyar shimfiɗar wancan lokaci. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsiro ya mutu, masu cin ganye suka bi, masu cin nama suka biyo baya. A daidai lokacin kuma duwatsu masu aman wuta a Indiya sun daɗe suna gurɓata iska, kuma har yanzu ana tattauna girman rabonsu a ɓarnar. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka shuɗe. Waɗanda suka tsira galibi ƙanana ne, ko masu shiga rami, ko masu jure yunwa. A nan gida, shimfiɗar Dukamaje na kafin halakar ce, Dange da Kalambaina na bayanta ne. Dangin Goronyosaurus ba su ƙetare ba. Dangin Sokotosuchus sun ƙetare suka ci gaba. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi tarin ƙwanson halittun tekun da ya dawo bayan halakar ne, kuma mai lura kan ga siffar katantanwa a jikinsa.

Yanzu ƙashi ya zama haja. An sayar da Sue kan sama da dala miliyan 8 a 1997, wani T. rex mai suna Stan ya kai miliyan 31.8 a 2020, wani Stegosaurus kuma miliyan 44.6 a 2024. Irin wannan farashi ba alheri ba ne ga ilimi, domin mai tono don sayarwa ƙashin kawai yake so, ba ya rubuta shimfiɗar da ya ciro shi, alhali da ita ake sanin shekarunsa da muhallin da ya rayu. Wasu ƙasashe sun fara neman kayansu: Amurka ta mayar wa Mongoliya wani ɗan'uwan T. rex da aka sace a 2013, Jamus ta mayar wa Brazil wani ƙaramin dainoso a 2023. A Nijar ana maganar gina sababbin gidajen tarihi a Yamai da Agadas domin ƙasusuwan da aka kai Shikago nazari su sami wurin dawowa. Mu a nan, duk wanda ya ci karo da ƙashin dutse a kwazazzabon Gada ko Wurno, abin da ya fi amfani shi ne ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya lura da wurin sosai, ya kai labari ga malaman ilimin duwatsu a jami'a kafin ya sa masa diga.